Kuran Ba Ya Ƙarewa a Hanya: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Ajin Turwaziyam a Damagaram

Tambayar da na rubuta a allo ranar nan ba ta kai a kira ta tambaya ba. Pil guda, ampul biyu iri ɗaya, an jera su a kan waya guda, wannan na bin wancan. Wanne zai fi haske? Kwana biyu kafin nan ajin ya kalli bidiyon da ya warware wannan magana daki-daki, ba sau ɗaya ba, sau biyu. Da na tambaya ko an gane, aji ya amsa da murya guda: "Wi, Mushe!" Na karɓi takardu, na zauna gindin bedi ina dubawa, sai gabana ya faɗi. Mafi yawansu sun rubuta cewa ampul na farko zai fi haske, domin shi zai fara shan wuta, na biyu ya samu saura. Har yaran da nake ji da su, waɗanda ba sa sauka ƙasa da 15 bisa 20, haka suka rubuta.

Ni malamin fizik da shimi ne a wata kwalejin gwamnati da ke bakin garin Damagaram. Abin da zan ba da labarinsa ya faru a shekarar karatu ta 2023-2024, a ajin turwaziyam, wato masu shirin jarrabawar BEPC. Na rubuta shi ne don 'yan'uwana malamai da ke cika salularsu da bidiyoyin darasi suna jin sun samu mafita, kamar yadda ni ma na ji.

Halin da muke ciki

Ɗalibai sun haura saba'in a ajin, uku-uku ko huɗu-huɗu a tebur. Ɗakin gwaji babu. Akwai wani kabad a ofishin darakta da ake kira "labo", a cikinsa akwai 'yan kwalabe da ma'aunin kuran guda wanda allurarsa ta daɗe da maƙalewa. Littafi kuwa, a tebur biyu da ƙyar ka ga ɗaya. Don haka yadda aka koya mini lantarki haka nake koyar da shi: in zana da'ira da alli, in rubuta U = RI, wato dokar Ohm, in yi misali biyu, su kwafa a kaye. Yaro zai gama kwaleji ya iya lissafin dokar Ohm bai taɓa haɗa waya da pil da hannunsa a makaranta ba.

Shekarar kuma ta zo da nata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar a farkon Agusta, ba a maido ta ba sai cikin Maris na 2024. Yankinmu na Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina yake samun kaso mai yawa na wutarsa, don haka mun ji a jikinmu. Abin dariya ne a ce kana koyar da babin lantarki a lokacin da ita kanta wutar ta zama baƙuwa, amma haka aka yi.

Bidiyoyin darasin sun zo mini ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar André Salifou. Shi ya riƙa sauke su cikin dare, lokacin da reso ke sakin jiki, ya kawo mini a filash. A ciki akwai bidiyoyin Khan Academy, shafin da Salman Khan ya faro da ɗora darussa a YouTube a 2006, wanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta soma mayar da shi Faransanci a 2013. Akwai darussan lissafi na Yvan Monka, malamin nan na Faransa da kusan duk ɗan lise mai salula ya san muryarsa. Akwai tarin bidiyoyin fizik na malamai daban-daban. Can a ƙarshe kuma akwai wata jaka mai suna PhET, wadda ban ko buɗe ba a makon farko, domin na ga ba bidiyo ba ce. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Zagayen farko: kallo

Na aro projekta, na aro ƙaramin janareta daga wani mai shago, na zuba masa mai da kuɗin aljihuna. Muka toshe tagogi da tabarmi don hoton ya fito a bango. Cikin minti goma ajin ya zama tanda, amma ko tari ba wanda ya yi. Bidiyon na minti goma sha huɗu ne, kuma gaskiya mai kyau ne: zane tsaf, launi, ɗigo-ɗigo na yawo cikin waya, murya a natse. Ni kaina na ji daɗinsa, har na ce a raina da a zamaninmu aka samu irin wannan da ba mu sha wuya ba.

Don waɗanda ke son maimaitawa a gida, na kai filash ɗin wurin wani mai tura fina-finai a memori kusa da Kasuwar Dole, na ce duk yaron da ya zo da katinsa ya ce daga wurin Mushe yake, a zuba masa. Dala ashirin ya ce zai riƙa karɓa. Na ga abin ya yi araha, na dawo gida ina jin na kashe maciji na sare kansa.

Sai ga takardun nan da na duba gindin bedi.

Me ya faru tsakanin bango da kaye?

Na yi kwanaki ina juya abin. Na tara 'yan yara shida bayan an tashi, na ce kada wanda ya yi mini Faransanci, kowa ya faɗa mini da Hausa yadda yake ganin wuta na tafiya cikin waya. A nan ne ido ya buɗe, nawa ba nasu ba.

Abu na farko harshenmu ne, kuma ba laifinsa ba ne. A bakinmu "wuta" ko "kuran" kalma guda ce da ke ɗauke da kaya huɗu ko biyar. Abin da littafi ya rarraba ya ce wannan intensité ne (yawan kuran da ke wucewa), wannan tension (ƙarfin da ke tura shi), wannan énergie (kuzari), wannan puissance (saurin cin kuzarin), mu duk wuta muke cewa. Muna cewa firji na shan wuta, dutsen guga na cin wuta, wuta ta yi ƙasa, wutar kwanta ta ƙare a sayo wata. Yaron da ya tashi yana jin uwarsa na cewa a kashe ampul kada ya shanye wuta, ya riga ya gama karatun lantarkinsa tun kafin ya shigo ajina: wuta abu ce da ake sha, in aka sha kuma ta ragu. Kuma uwar ba ta yi ƙarya ba. Akwai abin da ake sha, shi ne kuzarin da kwanta ke ƙirgawa da kilowat-awa. Amma ba shi ne abin da ma'aunin ampiya ke aunawa ba. Bidiyon da aka yi a Faransa bai san da wannan cakuɗar ba, bai kuma tsaya kanta ba.

Abu na biyu ya fi ba ni mamaki. Mai bidiyon ya kwatanta kuran da ruwa cikin bututu, kwatancen da ke cikin kusan kowane littafi. Nufinsa bututu rufaffe da ruwa ke zagayawa ya dawo inda ya fito, ba ɗigon da ke fita. To amma gaya wa ɗan Damagaram ruwa cikin bututu. Mu garin duwatsu ne, ƙishirwa ta san mu mun san ta tun zamanin da ake jiran ruwan Gogo da Machaya. Abin da yaro ya sani game da bututu shi ne: gidajen da ke kusa da shato su tara, na tsakiya su samu tsiyaya da asuba, na ƙarshen layi su ji iska na huci a pampo. Wata yarinya ta faɗa mini ƙarara: "Mushe, ai shi da kansa ya ce kamar ruwan pampo ne. Na farko shi ke samu." Ashe bidiyon bai rushe kuskuren ba, ginshiƙi ya ƙara masa. Sun saurara da kyau, sun kuma ji abin da suka riga suka yarda da shi.

Na uku shi ne wanda ya fi cina, domin ya shafe ni. An ce gani ya kori ji, muka ɗauka gani ya kai ganewa. Bayani mai santsi yana sa mutum jin ya ƙoshi alhali ƙamshi kawai ya shaƙa. Daga baya na tarar wasu sun riga ni bin wannan sawu. Derek Muller, mai tashar Veritasium, a kan wannan ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostiraliya a 2008. Ya nuna wa ɗalibai bidiyon da ke bayanin dokokin Newton tsaf ba gargada: suka ce a fili yake, tabbacinsu da amsoshinsu ya ƙaru, makinsu kuwa da ƙyar ya motsa. Wasu kuma ya nuna musu wanda ake fara furta kuskuren da mutane suka saba yi sannan a yi gardama a kansa: suka ce ya rikita su, amma su ne suka ci gaba sosai. Haka nan Eric Mazur da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun wallafa a 2004 cewa ɗaliban da suka zauna suka kalli gwaji kawai ba su fi waɗanda ba su gani ba fahimta da wani abin kirki, sai fa waɗanda aka sa su faɗi abin da suke tsammani zai faru kafin a yi gwajin. In a Harvard haka ne, ina ga ajin da aka toshe da tabarma?

Tsawon bidiyon ma bai taimaka ba. Wani bincike da aka yi a 2014 kan kallo kusan miliyan 7 a dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna cewa hankalin masu kallo ba ya cika wuce minti 6. Nawa minti goma sha huɗu ne, cikin harshen da yaran ke fassarawa a kansu kalma-kalma.

Zagaye na biyu: a faɗa kafin a gani

Sai a lokacin na buɗe jakar PhET. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fizik a 2001, shi ya kafa shirin a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Ba bidiyo ba ne, ɗakin gwaji ne na cikin kwamfuta. Wanda na yi amfani da shi na haɗa da'irar lantarki ne: ka jawo pil, ka jawo waya da ampul da makunni, ka haɗa yadda ka ga dama, ka sa ma'auni duk inda kake so. Fayil guda ne mara nauyi, akwai shi da Faransanci, yana buɗewa ba tare da intanet ba, har a salula. In ka haɗa bakin pil biyu da waya kai tsaye, wuta ce ke tashi a hoton. Akwai ma tsabar kuɗi da fensir da abin goge rubutu da kare da za ka iya sawa cikin da'irar ka ga wanne ke wuce da kuran. Karen nan ya cinye mini minti biyar na darasi, ba yadda na iya.

Wannan karon ban nemi janareta ba. Kwamfutata na caja a gida, na ɗora ta a tebur, aji na zuwa rukuni-rukuni. Amma kafin kowa ya matso, na sa kowane yaro ya zo da ardwaz. Suka yi ta gunaguni, wai an mayar da su firamare. Na ce e, an mayar. Dabarar nan ta La Martinière da malaman firamare ke yi, a yi tambaya, kowa ya rubuta, a buga tebur a ɗaga allo gaba ɗaya, ban ga abin da ya fi ta ba a aji mai mutum saba'in. Cikin daƙiƙa biyar kana ganin abin da ke kan kowa, ba mai ɓuya bayan "Wi, Mushe".

Na maimaita tambayar ampul biyu. Aka ɗaga alluna: "na farko" ya yi rinjaye. Ban ce uffan ba. Na ce kowa ya nemi wanda amsarsa ta saɓa da tasa ya shawo kansa, da Hausa, minti uku. Ajin ya kaure kamar kasuwar Alhamis. Sannan na kira yarinyar nan mai maganar pampo, na ce ita za ta haɗa da hannunta. Ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hannun na rawa, wayar farko ta ƙi kamawa sai da ta ja sau uku. Pil ɗin na bolt 9 ne, kowane ampul juriyarsa om 10. Da ampul guda ma'auni ya nuna 0,90 A, wato ampiya. Ta ƙara na biyu a jere, ta rufe makunni. Duka biyun suka kama, haskensu ya dushe, amma daidai wa daida. Ta sa ma'auni kafin ampul na farko: 0,45. Tsakaninsu: 0,45. Bayan na biyu: 0,45. Ta juyo ta dube ni kamar na yi mata rufa-ido.

"Mushe, to me suka sha?"

Wannan tambayar ita nake nema tun farkon babin, kuma bidiyon bai sa kowa ya yi ta ba.

Wanda ya amsa ba ni ba ne. Wani yaro ne daga layin baya, mai yawan barci a aji, wanda daga baya na gane tura kurar ruwa yake yi kafin ya zo makaranta. Ya ce, "Mushe, kamar ga-ruwa ne. In na fita da bido goma, da bido goma nake komowa. Ruwan nake saukewa, ba bidon ba." Aji ya yi tsit, sannan aka bushe da dariya, sannan aka sake yin tsit. Bido su ne cajin da ke zagayawa, yawan bidon da ke wucewa ta ƙofar gida cikin daƙiƙa shi ne intensité, ruwan da ke ciki shi ne énergie, pil kuma pampon da ake komawa a cika. Shekara goma sha ina koyar da babin nan ban taɓa samun kwatancen da ya zauna haka ba, ga shi ya fito daga bakin wanda nake yi wa faɗan barci.

Yarinyar ba ta sake shi ba. Ta ce, "To yaya mai ruwan ya san akwai gida na biyu a gaba, har ya rage masa rabi tun a gidan farko?" Yaron ya ce, "Ai unguwarsu ce, ya san ta." Aka yi dariya, amma ta kama kwatancen a inda ya fi rauni, kuma na faɗa wa aji haka. Elektiron bai san komai ba. A nan na koma kan hoton, na buɗe makunni na ce su duba: ɗigon nan shuɗɗa suna nan cike da wayar tun kafin a kunna, ba daga pil suke fitowa su yi tsere ba. Ana rufe makunni duka suke motsawa lokaci guda, kamar bel ɗin injin niƙa ko sarƙar keke. In ka dafa bel a wuri guda, duk bel ɗin ne ke rage gudu, ba gaban hannunka kaɗai ba. In mutum biyu suka dafa, ya ƙara raguwa, ko'ina da ko'ina. Shi ya sa ƙara ampul na biyu ya rage kuran har a gaban na farko. Su elektiron ɗin kansu tafiyar hawainiya suke yi, a wayar gida sau da yawa ba sa cin milimita guda cikin daƙiƙa, amma fitila na kamawa nan take domin duk layin ne ya motsa tare.

Ampul na gaske

Wani yaro ya ce shi bai yarda ba, kwamfuta abin da aka rubuta mata take nunawa. Raina ya so ya ɓaci, sai na ga ai gaskiyarsa. Wanda ya yarda da hoto don hoto ne kawai, da shi da wanda ya yarda da allona duk kanwar ja ce.

Neman ƙaramin ampul mai zare irin na tocilan da ya zama aiki, domin duk fitilun kasuwa sun koma LED, su kuma ba sa nuna abin da nake so a gani: gefe guda kawai suke wuce da kuran, haskensu kuma ba ya bin lissafin nan. Mai gyaran babur na unguwarmu ne ya fisshe ni. Ya ba ni ƙwan sigina biyu na kabu-kabu, masu bolt 12 da wat 10, ya ara mini batirin babur, ya ce in dawo masa da shi kafin la'asar. Ma'auni kuma na aro wurin mai gyaran salula. Na sa fis a layin, domin batirin babur ba abin wasa ba ne, kuma na ga idon wasu yara na son su ga wutar nan ta cikin hoto a fili.

Ƙwai guda ya ja wajen 0,8 A. Biyu a jere suka yi ja-ja kamar garwashi, daidai da juna, kuma ma'auni ya nuna abu guda a wurare ukun. Mai shakka ya karɓi wayoyin ya musanya ƙwayayen da kansa, na gaba ya koma baya, bai ga canji ba, ya koma ya zauna. Amma lambar ba rabi ba ce kamar ta kwamfuta. Ta haura 0,5, alhali lissafi ya ce a ga 0,4. Nan ma aka taso ni. Dalilin shi ne zaren tangistan da ke cikin ƙwan: yana ƙara zafi yana ƙara tauri ga kuran, har juriyarsa in ya yi fari tas takan ninka ta sanyi sau goma ko fiye. Da aka raba musu bolt 12 kowanne ya samu 6, ba su yi zafi sosai ba, sai suka bar kuran ya wuce fiye da yadda lissafi ya zata. Ampul ɗin da kwamfuta ta fara ba mu om 10 ne ko da zafi ko da sanyi. Wannan saɓanin ya koya musu iyakar dokar Ohm fiye da duk abin da zan rubuta a allo.

Abin da ya gyaru da abin da ya ƙi

Bayan mako uku na yi musu dabuwar, na canza fuskar tambayar: ampul uku, ma'auni a wurare daban-daban. Maganar jere ta zauna wa mafi yawansu. Ta haɗin reshe kuwa, wato ampul biyu kowanne da layinsa, nan aka sake zubewa. Da yawa sun ce haske zai ragu saboda an raba wuta biyu. Wani kuskuren ne daban ke kwance a ƙasa: suna ɗauka pil na ba da kuran gwargwado guda kullum, sai dai a raba, alhali tension ce take riƙewa, kuran kuwa ya danganta da abin da aka haɗa mata. Wannan sashen a gurguje na yi shi, da bidiyo, ba ardwaz ba gardama, domin lokaci ya ƙure. Sakamakon ya nuna.

Lokacin shi ne tsadar abin. Babin da na tsara wa awa huɗu ya ci kusan tara, shimi ta biya bashin. Sakamakon BEPC kuma ba ma'auni ba ne a nan, lantarki babi guda ne cikin babi da yawa.

Sannan ga rubutu. Yaron kura ya fahimci abin fiye da kowa, amma a takarda abin da ya iya rubutawa shi ne "le courant ne finit pas", wato kuran ba ya ƙarewa. Mai gyaran jarrabawa da bai san shi ba ba zai ba shi cikakken maki ba. Tun daga nan nake ware minti goma na ƙarshe don mayar da abin da aka gane da Hausa zuwa jimla biyu na Faransanci mai kyau. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma kundin da aka kafa a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma takardar fizik da yaran nan za su zauna wa da Faransanci take zuwa.

Maganar memori kuwa, an yi ba a yi ba. Da aka shiga kokowar takobi a ƙarshen Disamba, rabin katunan an goge darasi an zuba karawar 'yan kokowa. 'Yan mata da yawa ba su da salula, sai ta uwa ko ta yaya, ita ma sai dare. Wani uba ya ƙwace katin 'yarsa ya zo har makaranta yana huci, ya ɗauka fina-finai nake raba wa yara. Na zaunar da shi na ce, "Alhaji, bismilla ka gani da idonka." Ya kalli minti biyu, ya ce Allah ya yi albarka, amma katin bai mayar mata ba. Duk tsarin da ya dogara da kallo a gida, waɗanda dama suke gaba yake ƙara wa gudu.

Abokan aikina kowa da yadda ta kaya masa. Malamar SVT, wato ilimin halittu da na ƙasa, ta fi kowa mora, domin rabuwar ƙwayar halitta ko bugun zuciya abu ne mai motsi da alli ba ya iya nunawa. Malamin lissafi ya kama manhajar GeoGebra, yana jan kusurwar alwatika yara na ganin jimlar ta ƙi barin digiri 180. Malamin tarihi shi ya dawo hannu rabbana: juyin juya halin Faransa na 1789 bidiyo har sai ka ture, amma Sarki Tanimun da ganuwar Birni da igwoyin da aka ƙera a garin nan, ko yaƙin Tirmini na 1899, bai samu abin da zai nuna wa aji ba. Ya kwashi yaran da ƙafa suka je ƙofar fada. Shi kuwa ɗalibina na jami'a ya ce can ma haka ne: ana tura wa juna jakunkunan bidiyo, a kwana ana kallo daren jarrabawa, masu cin moriya su ne masu tsayar da bidiyo kafin malam ya warware lissafi su gwada da kansu.

Wani tsohon malami mai ritaya da na ba labarin ya yi murmushi ya ce ba yau aka fara ba. Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyarwa da talabijin, tun 1964, a azuzuwan yankin Yamai, har da akwatunan da ke aiki da hasken rana, kafin shirin ya tsaya wajen ƙarshen shekarun 1970. Ya ce ko a wancan lokaci darasin talabijin gajere ne, sauran lokacin mai kula da ajin ne ke sa yara su yi magana su yi aiki a kan abin da suka gani.

Da shekara ta zagayo na soma yin nawa bidiyon da salula, da Hausa, ba ya wuce minti biyu. Hannuna kawai ake gani da batirin babur da ƙwayaye. Ina haɗa komai, in yi tambaya, in kai yatsa kan makunni, sai bidiyon ya yanke. Amsa sai a aji. Na kai wa mai tura fina-finan nan na farko, na haɗin reshe, ranar wata Asabar. Ranar Litinin na bi ta gaban rumfarsa a kan babur, ya taso da gudu yana ɗaga mini hannu.

"Mushe, tsaya don Allah! Wai ragowar bidiyon nan fa? Tun shekaranjiya muke musu da mai cajin nan, shi ya ce haske zai ragu, ni na ce ba zai ragu ba. Har mun sa goro."

Na ce masa ƙwan sigina biyu ne da batir, mai gyaran babur na nan bayan rumfarsa.